Tiyatar da Aka Ɗage Sau Biyu: Nazarin Kwanciyar Wata Mata a Asibiti

## Asalin matsalar: 2021 zuwa ƙarshen 2022

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 37 lokacin da aka fara ba ta gado. Tela ce, tana ɗinki a cikin gida, a wani gari mai nisan kusan kilomita 90 daga birnin Kano. 'Ya'yanta biyu, ƙaramin yana da shekara 9, kuma tun bayansa ba ta sake samun ciki ba, ko da yake tana so. Maigidanta malamin firamare ne, yana taɓa noma da damina.

Tun cikin 2021 al'adarta ta canza. Abin da ta saba yi kwana 5 ya koma kwana 9, wani watan har 10, da guda-gudan jini da ciwon mara. A hankali ta fara jin jiri idan ta miƙe daga kan keken ɗinki, tana haki idan ta ɗauki bokitin ruwa, ga bugun zuciya da dare. Ta kuma kamu da kwaɗayin farar ƙasa, wanda sau da yawa alama ce ta ƙarancin ayon, sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi.

Sama da shekara guda ana magani a gida. An sayo maganin ƙarin jini na kwalba a kemis. An haɗa mata malt da madarar gwangwani, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, alhali ayon ɗin da ke cikin wannan haɗi bai taka kara ya karya ba. An kawo jiƙo da sassaƙe daga wurare daban-daban. Idan mara ta murɗa, sai ta sha garin maganin ciwon jiki mai asfirin, wanda shi kansa yana iya ƙara zubar jini. Da cikinta ya fara tasowa, wasu 'yan uwa har barka suka soma yi mata.

A watan Nuwamban 2022 aka yi mata hoton ciki a asibitin garinsu. Hoton ya nuna ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke kira faibroid, guda da yawa, babban ya kai santimita 9, mahaifar kuma ta yi girman cikin wata 4. Awon jini, wato PCV, ya nuna kashi 27 cikin 100, alhali mace mai lafiya takan kai 36 ko fiye. Aka rubuta mata takarda zuwa wani babban asibitin gwamnati a Kano.

## Janairu 2023: an ba da rana

Likitan mata ya duba ta, ya ce aiki za a yi. Ya gaya mata hanyoyi biyu: a cire ƙarin a bar mahaifa, ko a cire mahaifar gaba ɗaya. Ta zaɓi na farko saboda tana fatan haihuwa. Aka sa mata ranar Talata 14 ga Fabrairu, aka ce ta zo ranar Lahadi a ba ta gado. An rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini da jerin gwaje-gwaje, an kuma ce a tanadi jini leda biyu.

Ganin likitan bai wuce minti 10 ba, domin layin da ke waje ya haura mutum 50. Ita kaɗai ta shiga. Maigidan yana can yana bin layin biyan kuɗi, kuma da ta fito ya tambaye ta abin da aka ce, amsarta ita ce: "Sun ce mu dawo ranar 12 ga wata mai zuwa." Ranar ce kawai ta zauna a kan kowa. Maganar jini ta tsaya a kan cewa shi maigidan zai bayar idan an je. Ƙwayoyin kuwa ta sha na kwana 6 ta ajiye, saboda sun ɗaure mata ciki, kuma ta tsorata da ta ga bayan gidanta ya koma baƙi. Babu wanda ya gaya mata cewa haka ƙwayar ayon take yi, ba wata illa ba ce.

## Kwanciya ta farko: 12 zuwa 14 ga Fabrairu

Wannan kwanciya ta faɗo a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin naira. Sun iso ranar Lahadi da yamma da kuɗi a asusun banki, amma babu tsaba a hannu, ga turawa ta waya tana maƙalewa. Sai bayan isha'i aka samu biyan kuɗin gado. Gwaje-gwajen da ya kamata a zo da sakamakonsu, rabinsu ba a yi ba, don haka ranar Litinin ta tafi a zirga-zirga tsakanin ɗakin gwaji da wurin biyan kuɗi.

Kayan da suka zo da su jaka ɗaya ce ta tufafi. Babu bokiti, babu buta, babu fulas, babu gidan sauro, babu audugar mata. Duk sai da aka saya a bakin asibiti da tsada. Babbar matsalar ma ita ce majinyaci. Ɗakin mata ne, namiji ba ya kwana a ciki, kuma ba a taho da mace ba. A asibitocinmu na gwamnati majinyaci ne ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya karɓo sakamako, ya kawo abinci da ruwan zafi, ya riƙe marar lafiya zuwa banɗaki. Nas ɗaya ko biyu ke kula da ɗaki guda da dare, ba za su iya wannan duka ba. Daren farko wata majinyaciyar gadon kusa ce ta taimaka mata.

Da yammacin Litinin sakamako ya fito: PCV ya sauka zuwa 23, domin ta yi al'ada mai nauyi mako biyu kafin zuwan. Hawan jini kuma 154/96, abin da ba ta taɓa sanin tana da shi ba. An ɗebi leda ɗaya daga maigidan, aka ajiye a ma'ajiyar jini a matsayin musaya. Ba a cika son saka wa mace jinin mijinta kai tsaye ba idan tana sa ran haihuwa, saboda jikinta na iya ƙirƙiro garkuwar da za ta cutar da jariri nan gaba.

Safiyar Talata babban likita ya zo zagaye, ya duba fayil, ya ce ba za a yi ba. Aikin cire ƙarin mahaifa aiki ne mai zubar da jini, kuma a yawancin asibitocinmu ana son PCV ya kai 30 kafin aikin da ba na gaggawa ba. Leda ɗaya takan ɗaga shi da kusan maki 3 ne kawai. Ko da an saka mata leda ɗaya a madadin ta maigidan, ba za ta kai ba, kuma babu abin da zai rage na ko-ta-kwana. Aka sallame ta da ƙwayoyin ayon, da maganin rage zubar jini na lokacin al'ada, da maganin hawan jini. Sabuwar rana: Talata 9 ga Mayu.

## Fabrairu zuwa Mayu: magani rabi da rabi

Wannan karon ta sha ƙwayoyin ayon, sai dai da shayi take kora su. Da azumi ya kama ranar 23 ga Maris, sai ta mayar da su lokacin sahur, tare da shayi mai madara. Ganyen shayi da madara duka suna hana hanji tsotse ayon yadda ya kamata. Maganin rage zubar jini ta yi amfani da shi wata ɗaya, da ya ƙare ba a sake saya ba. Na hawan jini kuwa ta daina shi bayan mako 3, saboda a cewarta kanta ba ya ciwo. Jiƙon da gwaggonta ke kawowa bai tsaya ba. A duk tsawon makonni 12 ɗin nan ba a sake awon jini ko sau ɗaya ba.

## Kwanciya ta biyu: 7 zuwa 9 ga Mayu

An fi shiri a wannan zuwa. An taho da kaya, an taho da gwaggonta a matsayin majinyaciya, dattijuwa mai tausayi wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama. An kuma taho da mutum 5 masu ba da jini. Biyu daga cikinsu mata ne, aka auna aka ce su ma jininsu bai isa ba. Ɗaya, wani saurayi ɗan yayanta, gwaji ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, aka tura shi ganin likita. Wannan ba baƙon abu ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Kowane jini sai an tantance shi daga ƙanjamau, da ciwon hanta B da C, da tunjere. Mutum biyu suka tsallake, aka samu leda biyu.

PCV ɗinta ya kai 29. Likitoci suka amince a yi, tunda ga jini a ajiye. Da daren Litinin hawan jini ya nuna 176/104, aka ba ta magani, da safe ya sauko 158/96, likitan sa barci ya ce zai iya karɓarta a haka. Ita ce ta biyu a jerin masu aikin ranar.

Nas ɗin dare ta gaya mata kada ta ci komai daga ƙarfe 12. Gwaggo ba ta nan lokacin, ta fita sallah. Da asuba ta sayo koko mai zafi, ta ce: "'Yar nan, ya za a yi ki shiga wannan aiki da ciki wayam? Kurɓi ko kaɗan ne, ai ba abinci ba ne." Ta sha kusan rabin kofi da misalin ƙarfe 6:30.

A ƙofar ɗakin tiyata, wajen ƙarfe 9:30, aka yi mata tambayar da ake yi wa kowa: "Hajiya, yaushe rabonki da cin wani abu ko sha?" Ta faɗi gaskiya. Ƙa'idar da likitocin sa barci ke bi ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ko farin ruwa, kuma koko da kunu da fura da shayi mai madara duk a layin abinci suke. Dalilin shi ne wanda aka sa wa maganin barci ba ya iya tare abin da ya taso daga ciki, sai ya gangara huhu, kuma hakan yana kisa. Ko da allurar baya mai kashe ƙasan jiki za a yi, dole ciki ya zama babu komai, domin ana iya komawa ga maganin barci a tsakiyar aiki.

Aka mayar da ita ƙarshen jeri. Da rana aka shigo da mai naƙuda da ke buƙatar aikin gaggawa, aka karɓe ɗakin. Kafin a gama lokacin ayyukan ranar ya ƙare. Jerin makon gaba a cike yake, sannan likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aikin gargaɗi na kwana 5 daga 17 ga Mayu, abin da ya ƙara tura layi baya. Ranar da ta samu ita ce Talata 11 ga Yuli.

## Mayu zuwa Yuli: makonni tara na shiri

A nan ne ƙanwarta ta shigo cikin lamarin. Malamar makaranta ce, kuma ranar sallamar nan ta biyu ta sayi littafin rubutu, ta tsaya a bakin ɗaki har shugabar nas-nas ta samu sarari. Ta ce: "Sista, don Allah ki gaya mini duk abin da zai iya sa a sake mayar da Yaya gida, in rubuta." Ta rubuta, ta karanta mata, aka gyara. Daga ranar duk wata takarda, rasit, sakamakon gwaji da kati suka koma jaka ɗaya a hannunta, kuma duk ganin likita da ita ake shiga.

Jini aka fara gyarawa. Ƙwayar ayon ta koma safiya da ruwan lemo, shayi sai bayan awa 2. Don ɗaurewar ciki aka ƙara ruwa, da zogale, da gwanda. Hanta da nama da wake suka shiga abinci gwargwadon hali. Maganin rage zubar jini aka saye shi tun kafin al'ada ta zo, ana farawa ranar farko. Garin maganin mai asfirin aka daina shi, aka koma farasitamol. Aka riƙa awo a garinsu: 31 a tsakiyar Yuni, 34 ranar 4 ga Yuli. Sakamakon na ƙarshe ƙanwar ta kai wa likita da kanta kwanaki kaɗan kafin kwanciya, don a san matsayin da ake tun ba a ɗaure kaya ba.

Maganin hawan jini ya koma kullum, ana aunawa duk Asabar a ƙaramin asibitin unguwa, ana rubutawa a littafin. Awo na ƙarshe 132/84. Jiƙo aka tsayar da shi mako biyu kafin aiki, bisa umarnin likitan sa barci, domin ba a san abin da ke ciki ba, kuma wasu tsirrai suna tsinka jini ko su yi karo da maganin barci. Maigidan ne ya je ya zauna da gwaggo ya yi mata bayani cikin ladabi, ba a bar wa yara wannan ba.

Maganar jinin da aka bayar a Mayu ta zo da abin da ba su zata ba. Jini ba ya wuce kimanin kwana 35 a firji, don haka ledojinsu an riga an saka wa wasu. Abin da suke da shi shi ne rasit, kuma da a ce ya ɓace da an koma farko. Ma'ajiyar ta karɓi rasit ɗin, ta ce a ƙaro mutum ɗaya saboda nau'in jininta ya yi ƙaranci a lokacin. Aka kawo mutum biyu da aka riga aka gwada a gida, tun ranar Alhamis kafin kwanciya.

Sai kuɗi. Ba ta cikin inshorar lafiya, kamar yawancin mutane. Duk da dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta wajabta shiga, har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Ga shi an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta haura naira 500, kuɗin mota ya ninka. Ƙanwar ta nemo farashin komai a rubuce: kuɗin aiki, gado, kayan tiyata, ruwan leda, allurai, gwajin ƙarin da za a ciro. A kai suka ɗora abincin mutum biyu na mako guda, da mota, da wani kaso na abin da ba a zata ba. An ɗauki adashi, maigidan ya haƙura da layya a babbar sallar 28 ga Yuni ya sayar da ragon. Rabin kuɗin aka riƙe tsaba, rabi a banki.

Abu na ƙarshe shi ne takardar amincewa. A cikinta akwai sharaɗin cewa idan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, za a cire mahaifar don a ceci rai. A kwanciyar Mayu an sa hannu ba tare da an karanta ba. Da ƙanwar ta karanta musu, maigidan ya ce bai yarda ba. Suka koma wurin likita su uku, ya yi bayani da Hausa: abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya zo babu lokacin fitowa neman izini. Ya ƙara da cewa ƙarin na iya sake fitowa bayan shekaru, kuma mai yiwuwa haihuwar gaba sai da aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba marar lafiya haƙƙin a yi masa irin wannan bayani. Matar ta ce ta ji, ta amince, ta sa hannu da kanta, maigidan ya sa a matsayin shaida.

## Kwanciya ta uku: 9 zuwa 15 ga Yuli

Sun iso ranar Lahadi kafin azahar. Kayan sun haɗa da zannuwa 4 da riguna masu faɗi, bokiti, buta, fulas, kofi da cokali, silifas, sabulu, audugar mata, gidan sauro, tocila, caja, da tabarmar majinyaciya. Sarƙa da 'yan kunne an bar su a gida. Ba ta yi lalle ba, saboda ana duba tafin hannu da farce don gane yawan jini, kuma baƙin lalle na iya rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa.

Ranar Litinin aka maimaita awo, PCV 34, aka ɗebi jininta don haɗa shi da ledojin da za a ajiye mata. Likitan sa barci ya zo da yamma, ya tambayi magungunan da take sha, da ko wani magani ya taɓa yi mata illa, da ko tana da haƙorin roba. Ƙanwar ta miƙa masa littafin. Ya ce ta sha maganin hawan jininta da asuba da kurɓin ruwa ɗaya, ban da shi babu komai. Ƙanwar ta kwashe fulas da kofi ta kai wa maigidan a waje.

Ƙarfe 8:40 na safiyar Talata aka shiga da ita. An sa mata robar ƙarin ruwa a hannu, aka zaunar da ita ta sunkuya aka yi allurar baya. Cikin mintuna ƙafafunta suka yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ta jin zafi, sai dai tana jin ana taɓawa ana ja, kuma tana jin maganar mutane. An riga an gaya mata haka zai kasance, don haka ba ta firgita ba. Aka sa robar fitsari. Likitoci suka ɗaure wuyan mahaifa da roba don rage zubar jini, dabarar da ake yawan amfani da ita a asibitocin Najeriya. An ciro ƙari 11 cikin kusan awa 2, jinin da ya zuba kimanin mililita 700, mahaifa kuma an bar ta. Ƙarin aka zuba a roba da magani aka ba ƙanwar ta kai ɗakin gwajin tsoka.

Yinin farko ya zo da rawar sanyi da tashin zuciya, waɗanda aka saba gani. Ana auna ta akai-akai, ana duba fitsarin da ke taruwa a leda. Washegari PCV ya nuna 28. Tunda ba ta jiri kuma bugun zuciyarta daidai yake, ba a ƙara mata jini ba.

Inda aka samu tangarɗa shi ne ciwo. Da allurar baya ta sake ta, ciwon ya zo da ƙarfi, amma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce "da sauƙi". Mun taso ana yabon mace da dauriya, ana ganin raki abin kunya ne, kuma a gadon asibiti wannan tarbiyya tana cutarwa. Saboda ciwon ta ƙi motsi, ta ƙi tari, numfashinta ya koma sama-sama. Ranar Laraba da yamma zafin jikinta ya kai 38.1. Wata nas mai shekaru ta lura da yadda take damƙe ƙarfen gado, ta ce: "Maman yara, wannan ba sauƙi ba ne. Faɗa mini gaskiya in ba ki magani." Daga nan aka koma ba ta maganin ciwo a kan lokaci, ba sai ta nema ba. Aka koya mata danne wurin ɗinki da filo idan za ta yi tari. Aka cire robar fitsari, aka tashe ta ta taka zuwa ƙarshen ɗaki tana dafe da ƙanwarta. Tafiyar nan tana buɗe huhu, tana tayar da hanji, tana kuma hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, wanda idan gudansa ya tafi huhu yana iya kashe mutum nan take. Zuwa safiyar Alhamis zazzaɓin ya sauka.

Kowace safiya likitoci kan tambaye ta ko iska ta fita, tambayar da ta riƙa sunkuyar da kai a kanta, alhali da ita ake gane hanji ya farka. Ruwa aka fara ba ta, sai shayi, sai koko, sai abinci mai laushi. Sallah tana yin ta a kwance da taimama, daga baya a zaune.

'Yan dubiya sun zo mota guda ranar Alhamis da kulolin tuwo da dambu. Maigidan ya tare su a waje, ana shiga bibbiyu a lokacin da asibiti ya ware, abincin kuma majinyatan ɗakin suka ci. Zagayen likitoci da sassafe ake yi kuma ba ya daɗewa a gado ɗaya, saboda haka ƙanwar takan rubuta tambayoyinta tun dare.

## Sallama da makonni shida na farko

Ranar Asabar 15 ga Yuli aka ce ta tafi gida. Daga faɗar haka zuwa fita ƙofa ya ɗauki kusan awa 5, tsakanin lissafin kuɗi, karɓar magani da takardar sallama. Kafin su fita ƙanwar ta rubuta alamomin da za su sa a dawo ba tare da jiran rana ba: zazzaɓi, zubar jini mai yawa, ruwa mai wari ko kumburi a wurin ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya, haki, amai da kumburin ciki. An hana gasa wurin da ruwan zafi ko shafa masa wani abu. An hana ɗaukar kaya mai nauyi, da daka, da taka keken ɗinki har mako 6, ciki kuma sai bayan aƙalla wata 6.

A kwana na 9 gefe ɗaya na ɗinkin ya ɗan yi ruwa. Aka kai ta asibitin garinsu a ranar, aka riƙa wankewa, ya kame cikin mako guda. Sakamakon gwajin tsoka ya nuna ba daji ba ne. A ƙarshen Agusta PCV ya kai 35, hawan jini 128/82, al'ada ta dawo kwana 5. Ta koma ɗinki a watan Satumba.

## Abin da lamarin ya nuna

Aikin kansa awa 2 ne, kwanciyar da ta yi nasara kwana 6, amma daga ba da rana zuwa shiga ɗakin tiyata an ci kusan wata 6. A cikin abubuwan da suka jawo ɗagewa, babu wanda ba a iya ganowa tun daga gida: ƙarancin jini, rashin masu bayarwa, hawan jini, rabin kofin koko. A ganina iyalin sun ɗauki ranar da aka ba su a matsayin alƙawari, alhali a wurin likita sharaɗi ce, sai an cika wasu abubuwa take tabbata. Kwanciya biyun da ba a yi komai ba sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka kashe, ban da jinin da ta ci gaba da zubarwa a tsakani.

Ba zan ɗora wa gwaggo laifi ba, kuma bai kamata kowa ya ɗora mata ba. Umarnin da rai ya rataya a kansa an faɗe shi sau ɗaya, da baki, ga marar lafiya mai fargaba, ba ga wadda ke kawo abinci ba, kuma ba a faɗi dalilinsa ba. Haka maganar ƙwayar ayon da shayi, haka baƙin bayan gida, haka hawan jinin da ba ya sa ciwon kai. A nan asibitin yana da nasa kaso. Takarda guda da Hausa mai ɗauke da waɗannan bayanai, da awon jini mako guda kafin kwanciya, da sun hana ɗagewa biyun, kuma da gadon da ta riƙe na dare 4 a banza ya amfani wata.

Abin da ya yi aiki a karo na uku bai buƙaci sabon magani ba, domin magungunan su ne dai na Fabrairu. Bambancin shi ne an samu mutum ɗaya da ke jin bayani, ta rubuta, ta tambayi dalili, ta auna ta ga ko ana ci gaba, takardu kuma ba su warwatse a hannu uku ba. Gaskiyar da matar ta faɗa a ƙofar ɗakin tiyata ta ja mata jinkirin wata 2, amma da ta ɓoye, da abin da zai biyo baya ya fi jinkiri muni nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da shiri bai kawo ba. Ranar 26 ga Yuli, mako biyu bayan aikin, likitoci masu neman ƙwarewa suka sake shiga yajin aiki, aka dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba a manyan asibitoci da dama. Da an ɗage ta karo na uku, da ta faɗa cikinsa, da kuɗin rago da na adashi sun tafi a wani jiran.